Keken Kawu Tanimu

Kontagora, 4 ga Maris, 1974

Zuwa ga uwargijiyata Barakatu, wadda Kaduna ta haɗiye,

Gaisuwa mai tarin yawa daga baiwarki, tunda har yau kin ƙi yarda cewa digiri yana 'yanta 'yar mace daga hannun 'yar namiji. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Abdulsalami, kuma ƙarar injinan masaƙa ba ta gama cinye miki kunnuwa ba. Ni lafiyata lau, in ban da zafin gari da 'yan aji uku, waɗanda har yanzu suke ganin Ingila tana bayan Legas kaɗan.

Na je Kaboji ranar Asabar. Inna Fure tana nan da ƙarfinta, sai gwiwa da ke damunta. Har yanzu tana share ɗakin babanki kowace safiya, kuma duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta fito ta ga wanda ya sauka. Babu sabon labari. Shekara biyu ke nan tun da Kawu Tanimu ya saɓa bindigarsa ya fita, maganar kuma ita ce dai wadda abokin farautarsa, Baba Jumare, ya kawo tun farko: sun rabu a bakin rafi, Kawu ya ce tunda an hana farauta a nan shi zai haye Borgu, in ya sami wurin zama zai aiko.

Bayan haka, baiwarki ta sami muƙami. Kin san tun da aka rufe dajin bayan garinku aka mai da shi gandun namun daji, an ɗauki masu gadi, amma ba takalmi, ba tocila, ba abin hawa. Sai manyan garin nan suka kafa kwamiti don a tara musu kuɗi. Ciyaman ɗan kwangila ne. A falonsa muke taro, ƙafafunmu a kan fatar damisa, muna jimamin yadda namun daji suke ƙarewa. Matar Baturen daji ce ta kawo shawarar a yi ƙuri'a irin ta ƙasarsu. Ni aka ba sakatariya, don ni kaɗai ce mace mai iya buga tafireta wadda ba ta da mijin da za a nemi izininsa.

Ga yadda abin yake. Tikiti sule guda ne, da hoton gwanki a jikinsa. Ɓari biyu gare shi: mai saye ya tafi da ɗaya, ɗayan a rubuta suna a ajiye wurina. Ranar ƙuri'a za a zuba na wurina a durom a juya, wanda sunansa ya fito ya kawo nasa ɓarin ya karɓi kaya. Akwai fitilu, da bokitai, da rediyo, babbar kyauta kuma sabon keke.

Liman ya ce caca ce. Fasto ma ya ce caca ce. Tunda nake ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai a kaina. Mako biyu ba mai saye, sai ma'aikatan da ke tsoron idon Ciyaman.

Sai wata tsohuwa mai daddawa a kasuwar Salka, Gogo Ramotu, ta tare Malam Irmiya, shugaban masu gadin, wanda ke yawo da tikitin kasuwa-kasuwa. Ta tambaye shi ko ana rubuta wa mamaci sabon zunubi. Ya ce shi ba malami ba ne, amma ya ji an ce littafin mamaci a rufe yake. Ta kwance bakin zane ta ba shi sule, ta ce ya rubuta sunan mijinta. In bai fito ba, sadaka ce ya yi wa dabbobin Allah, lada ya same shi a can. In ya fito, kayansa ne, ita kuma ta gada, gado kuwa ba caca ba ne. Na yi shekara uku a jami'a a Zariya, ban ga wanda ya warware matsala da tsabta irin haka ba.

Daga Salka abin ya kai Nasko, ya kai Kaboji. Musulmi da Kirista, kowa ya tuna da nasa. Mun sake buga tikiti sau biyu. Yanzu kullum in na taso daga makaranta sai in zauna da matattun ƙasar nan a kan teburina ina jera su. Da farko dariya nake yi. Kwanan nan na lura ina juya takardun a hankali, kamar kada in tashe su.

Wani abin da zai ba ki dariya: Baba Jumare ya shiga aikin gadi, kuma shi ne zakaran kwamiti. Yankinsa na bakin rafi ko mai neman zuma ba ya bari ya taka. Har gwanki sun dawo wurin, Bature yana ta kai baƙi suna leƙe daga nesa. Wanda ya fi kowa kashe su, shi ya fi kowa tsaronsu.

Wasu burtu biyu sun fara zuwa filin makarantarmu da safe. In na gan su sai in tuna kan burtun Kawu na itace, yadda yake ɗaura shi a goshi ya lulluɓa da baƙar riga ya bi mu da rarrafe a tsakar gida, ke kina ihu, ni ina yi kamar ban ji tsoro ba.

Ranar talatin ga wata za a yi ƙuri'ar, ni zan karanta sunaye a lasifika. Na ba Malam Tsado na makarantarmu wasiƙar nan da hannu, zai zo taro Kaduna, ya fi gidan waya sauri.

Baiwarki mai digiri,
Naomi

Kontagora, 31 ga Maris, 1974

Barakatu,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Kowa lafiya.

An yi ƙuri'a jiya. Sunan Kawu ne ya fito a kan keken. Tanimu maharbi na Kaboji, haka aka rubuta, ba wani Tanimun ba. Da bakina na karanta shi. A doguwar wasiƙar da Malam Tsado ya kawo miki na bayyana yadda mutanenmu suke sayen tikitin nan, saboda haka kin san abin da wannan yake nufi, ba sai na sa shi a takarda ba. Hannuna ma ba ya so.

Ban gaya wa Inna ba. Ke ce babba a ɗakinta, ki faɗa mini yadda za a yi.

Naomi

Kaduna, 8 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga baiwata, wadda yau na 'yanta,

Gaisuwa da murna da godiya ga Allah. Muna lafiya, Abdulsalami yana gaishe ki, ya ce goron albishir ɗinki yana wuyansa.

Doguwar wasiƙar da kike faɗi ban gan ta ba, ban ga wani Malam Tsado ba, amma me zan yi da doguwa tunda gajeruwar ta ishe ni? Na karanta ta a bakin ƙofar masaƙa, na rasa inda zan sa kaina, har wata abokiyar aikina ta riƙe ni. Na san abin da yake nufi mana. Mutum ba ya sayen tikiti daga Borgu. Baba yana kusa, yana shiga kasuwanninmu, kunya ce kawai ta hana shi shiga gida hannu wofi bayan shekara biyu. Kin san shi da girman kai. Ko kurciya bai samu ba, sai ya zauna a bayan gari har rana ta faɗi don kada a ga ya dawo da jaka a lanƙwashe. To yanzu ga keke, ya sami abin da zai shigo da shi.

Na gane abin da ya sa hannunki ba ya so ya rubuta. Wai Baba da caca, mutumin da ya taɓa kife mana kwanon dara. Ki bar shi, Allah mai gafara ne, ni na yafe masa tun kafin ya tambaya.

Kin ce in faɗi yadda za a yi, to na riga na yi. Yisa direban da ke ɗauko doya daga wajenmu ya tashi jiya, na ce ya tsaya a Kaboji ya gaya wa Inna an ga alamar Baba, yana da rai, yana kusa, ta shirya. Ban bar shi ya ambaci tikiti ko keke ba, kin san Inna da zancen caca. Na aika mata da atamfa da kallabi. Na nemi hutu, sun ce sai watan Yuni.

In ya zo karɓar keken, kada ki yi masa irin kallon nan naki na malamar makaranta. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Barakatu ta ce ya wuce gida kai tsaye, ba wanda zai tambaye shi inda ya kwana.

Uwargijiyarki har abada, 'yancin na yau kaɗai ne,
Barakatu

Kontagora, 15 ga Afrilu, 1974

'Yar'uwata Barakatu,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita.

Wasiƙarki ta zo, na karanta ta a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna. Na je na sami Malam Tsado. Ashe an mai da taronsu Sakkwato, wasiƙata ta yi wata guda a aljihun kwat ɗinsa. Na karɓa na haɗa da wannan. Ki fara karanta waccan. In kuma ba za ki iya jira ba, ga abin da ya kamata in rubuta tun farko ƙarara: a ƙauyukanmu ba wanda ya sayi tikitin nan da sunan mai rai. Kowa da sunan mamacinsa ya saya.

Bari in gaya miki yadda ranar ta kasance. Filin ƙwallo ya cika. Matar Ciyaman ce take tura hannu a durom ta miƙo mini, ni in karanta. Aka fara da ƙananan kaya. Na ce fitila, Andarawus maƙeri na Nasko. Ina jiran tafi, sai fili gaba ɗaya ya amsa ƙasa-ƙasa: Allah ya jiƙansa. Bokiti, Allah ya jiƙanta. Rediyo, Allah ya jiƙansa. 'Ya'ya da matan mamatan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye, suna karɓa kamar ana rabon gado. Matar Bature ta matso ta tambaye ni ko irin tamu murnar ke nan. Na ce mata kusan haka.

Da aka zo kan keke, na buɗe takardar, bakina ya riga hankalina. Waɗanda ba su san shi ba suka yi masa addu'ar kamar kowa. Mutanen Kaboji kuwa, da ke tsaye gindin mangwaro, ba wanda ya buɗe baki. Ni suke kallo. Na sake kiran sunan sau uku kamar yadda doka ta ce. Ba wanda ya fito.

Na san za ki ce wataƙila shi ya saya da kansa. Ni ma na ce haka. Na zazzage durom ɗin a ɗakina na ware na kasuwar Kaboji. Kakarmu tana ciki. Tagwayen Ruka ta unguwarku da suka rasu da ƙyanda suna ciki, kowanne da nasa. Ban ga mai rai ko ɗaya ba. Sunan Kawu kuma sau shida na same shi, kwanan wata daban-daban, duk ranar kasuwa. Wani ya yi mako shida yana masa sadaka.

Ba zan yi miki fariya ba, ni ma da nake dariyar mutane na sayi guda. Na rubuta Aishatu, sunan da aka raɗa wa mahaifiyata a gidanku, na ƙara Rachel na baftisma a gefe, don ban san wanda take amsawa a can ba.

Na tafi Kaboji jiya da niyyar in gaya wa Inna. Na tarar ta yi wa ɗakin Kawu sabon daɓe, ta sayi tabarma, ta kai atamfar ɗinki. Matan unguwa ne suka taya ta daɓen, kuma dukansu sun ji abin da ya faru a fili. Suna bugun ƙasa suna waƙa, ba mai kallon idon wata. Inna ta riƙe hannuna ta ce in duba ko ta rame da yawa. Na ce a'a. Na sha fura na dawo.

Keken yana ɗakina, don ofishin kwamiti ba makulli. Yana jingine da bango, da takarda a wuyansa mai sunan Kawu. Kwana sittin aka ba mai ɗaya ɓarin ya zo. Na juya takardar ta fuskanci bango, sannan na ji kunya na mayar da ita.

Naomi

Kaduna, 24 ga Afrilu, 1974

Naomi,

Na gaishe ki. Ba ni da lafiya sosai, amma ina zuwa aiki.

Duka biyun sun zo a ambulan ɗaya. Na karanta. Ban yi kuka ba tukuna, don ban san abin da zan yi wa kukan ba, ba gawa, ba kabari, sai takardar sule.

Da kin rubuta kalma ɗaya a fili ran nan, da ban aika Yisa ba. Ku masu zurfin boko kun iya zagaye magana har ta faɗa wa wani a ka. Na faɗa, ya wuce, ba zan sake faɗi ba. Rabin laifin nawa ne.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai mutumin da ya san ubana ya mutu, ya riƙe a cikinsa shekara biyu, yana ganin uwata tana fitowa bakin hanya. Yana da tausayin da zai yi masa sadaka sau shida, ba shi da tausayin da zai taka gidanmu sau ɗaya. Takardun suna hannunki, mai sayarwa kuma ƙarƙashinku yake. Ki nemo mini shi. Ina so in san wane ne, da inda aka sa Baba, da ko an yi masa salla.

Kada ki gaya wa Inna komai sai mun sami wurin da za mu nuna mata. Na ɗaga ta sama da hannuna, ba zan sake ta a kan iska ba.

Barakatu

Kontagora, 6 ga Mayu, 1974

Barakatu,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki zauna kafin ki ci gaba, in Malam Abdulsalami yana gida ki kira shi kusa.

Ban sha wahala ba. Na nuna wa Malam Irmiya takardun shida, tunda rubutunsa ne. Shi ba ɗan ƙasar nan ba ne, bai san Kawu ba. Ya duba ya ce ai wannan na Jumare ne, duk kasuwa sai ya sayi guda, shi ya ɗauka sunan mahaifinsa ne.

A makon nan kuma kwamiti ya zauna a kan fatar damisa ya yanke cewa in mai keke bai zo ba, a ba mai gadin da ya fi ƙwazo. Kin san wane ne. Ciyaman ya ce ni zan kai masa albishir. Kin ga ta kowace hanya keken nan wurinsa ya nufa.

Malam Irmiya ya kai ni a babur. Mun isa bukkar gadin da hantsi, na roƙe shi ya jira a hanya. Baba Jumare ya tsufa ƙwarai. Na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambaye ki. Na ce kwamiti zai ba shi keken. Sai ya cire hularsa, ya zaro ɓarin tikiti shida daga cikin naɗinta ya jera a kan tabarma.

Ya ce, "Ba zan iya hawansa ba, 'yata. Na mai shi ne."

Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Wata uku bayan rufe dajin, hatsi ya ƙare musu, suka shiga a ɓoye. Sun rabu a bakin rafi, wannan ɓangaren gaskiya ne, amma don su zagaye garken gwanki ne, kowa ta gefensa. Kawu ya ɗaura kan burtunsa ya lulluɓa. Sun shirya zai bi ta gabas, sai iska ta juya, shi ma ya juya, Baba Jumare bai sani ba. Da ya leƙo ta cikin ciyawa ya ga garken, da burtu uku a tsakaninsu suna kiwo. Ya auna babban namijin ya saki bindigarsa adaka, wadda ya cika da guntayen ƙarfe. Garke ya watse. Burtu biyu suka tashi. Na ukun bai tashi ba.

Kawu bai cika nan take ba, ya kai azahar. Bai zarge shi ba. Sai ma ya tambaye shi ko da gaske bai gane shi ba, shi da suka yi shekara talatin suna shiga daji tare. Da ya rantse masa bai gane ba, wai sai Kawu ya yi murmushi, ya ce ashe dai ya iya. Ya yi shahada. Kafin nan ya ce a gaya wa Fure, Baba Jumare ya yi masa alkawari.

Shi kaɗai ya wanke shi a rafi, ya yi masa salla, ya haƙa da adda, ya fuskantar da shi alƙibla, ya jera duwatsu saboda kura. A hanyar gida ya yi ta shirya maganar. Da ya iso ya ga Inna a ƙofa, ya tuna kurkuku, ya tuna 'ya'yansa bakwai, sai ya ji bakinsa yana cewa Borgu. Ya ce gobe zai gyara. Goben ce ta kai shekara biyu.

Aikin gadin ya nema ne don kada wani ya taka wurin ko ya sa masa wuta. Gwankin da Bature yake alfahari da su, a kan kabarin babanki suke kiwo. Sadaka kuwa ya kasa yi, don a Kaboji ko ƙosai ka raba sai an tambaye ka na wa. Sai ga tikitinmu, inda kowa yake faɗin sunan mamacinsa ba mai tambaya.

Na ce bai ji tsoron sunan zai fito ba? Ya ce cikin dubbai bai zata ba. Sannan ya ce, "Shi ne ya gaji da ɓuya. Harbin kuskure ne, Allah ya sani. Shirun ne nawa."

Ya ce duk abin da kuka yanke zai bi, ko ofishin 'yan sanda ne da ƙafarsa zai je. Ya so ya nuna mini wurin, na ce ba ni ya kamata in fara gani ba. Da muna dawowa burtu suna kuka a cikin dajin, irin kukan nan nasu mai kamar ana buga turmi a ƙarƙashin ƙasa. Na shekara ina koya wa yara cewa tsuntsu ne kawai.

Ina jiran maganarki.

Naomi

Kaduna, 14 ga Mayu, 1974

Naomi,

Na gaishe ki, na gode. Yanzu na yi kukan.

Abdulsalami ya ce a kai shi gaban alƙali. Na yi kwana uku ina juya maganar. Mutumin nan shi ya fara ɗora ni a wuya ya kai ni kallon dambe. Ina so in tsane shi cikakkiyar tsana, abin ya ƙi cika. Kuma ba ni ya yi wa alkawari ba, ba alƙali ya yi wa ba.

Ga abin da nake so. Ya zo ya karɓi keken a hannunki da tikitinsa, kamar kowa. Ya kai shi gidanmu da kansa, da rana tsaka, idon mutane. Ya isar da saƙon da aka ba shi shekara biyu da suka wuce. Abin da Inna ta ce bayan nan shi ne hukunci, ni ba zan ƙara ba. Ki tsaya kusa da ita saboda gwiwar.

Kada ku jira hutuna. Kowace safiya da ta ƙaru, sharar ɗaki ce ta ƙaru.

Barakatu

Kontagora, 1 ga Yuni, 1974

Zuwa ga Barakatu,

Gaisuwa da ta'aziyya, wadda sai yau na sami ikon yi miki. Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mu haƙuri. Inna tana gaishe ki, ta ce ki taho a hankali, ba abin gaggawa kuma.

An yi yadda kika ce, ranar Alhamis ta makon jiya. Mota ta sauke mu a bakin hanya, ni da Baba Jumare da keken, na riga shi shiga gida. Inna tana sanye da atamfarki, tunda kullum ita take sawa in ta ji tsayuwar mota. Ta fito ƙofa, na bi ta. Sai ga Baba Jumare yana turo keken, bai hau ba, takardar tana lilo a wuyansa. Mutane suka fito suka tsaya jikin danga.

Na shirya kalmomi da yawa, ba a buƙaci ko ɗaya ba. Inna 'yar Kaboji ce, ta san sunan wa ake sa wa a tikitin nan, ita ma ashe ta saya wa mahaifinta. Ta dubi keken, ta dubi mai turo shi. Ya durƙusa a ƙasa.

Ta ce, "Sunansa ne ya fito?"

Ya ce shi ne.

"Kai ka saya?"

Ya ce shi ya saya. Ta kwance kallabin ta miƙo mini, ta ce su shiga zaure. Sun daɗe. Ban ji abin da aka faɗa ba, muryarsa kaɗai ke tashi tana sauka.

Washegari da safe muka shiga dajin, da liman da dattawa huɗu. Doka ta hana, amma Malam Irmiya da kansa ya wuce gaba. Wurin yana gindin wata ƙirya, a share tas, duwatsun a jere, kan burtun yana rataye a reshe. Wasu gwanki suna tsaye can nesa suna kallonmu, ba su gudu ba. Inna ta zauna a ƙasa ta dafa duwatsun, ta ce ashe ɗaki biyu ake share masa.

Liman ya ce mata a shari'a kwanakin takaba sun wuce tun bara waccan. Ta ce ba ita ta ga wucewarsu ba. Ta fara ranar Asabar.

Ga hukuncin. Ba 'yan sanda. Zai ci gaba da gadin wurin muddin ƙafarsa tana ɗaukarsa. Keken kuma gadonta ne, ta ba shi aro: duk Juma'a zai hau ya zo ya gaya mata ko duwatsun suna nan. Ya roƙe ta, ya ce ya gwammace ya zo a ƙasa, ba zai iya hawa ba. Ta ce ta sani, shi ya sa.

Kwamiti ya yi murna, an sayi takalma da tocila, Ciyaman yana maganar a sake wata ƙuri'ar baɗi. Ya ce in ƙone tsofaffin takardun. Na ce to. Suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, Aishatu Rachel tana ciki, da tagwayen Ruka, da babanki sau biyar. Na shidan yana wurin Inna.

Na kwana biyu a Kaboji kafin in dawo. Motoci sun tsaya a bakin hanya, Inna ba ta ɗaga kai ba. Amma maƙwabciyarta ta aiko mini cewa jiya Juma'a, tun hantsi ta sa aka fitar mata da tabarma zaure, ta zauna tana sauraron ƙararrawar keken.

Sai kin iso. Zan tare ki a tasha, in ɗaukar miki kaya kamar yadda aka saba.

Baiwarki,
Naomi